Motar da ta daɗe a ajiye: tambayoyi da amsoshi kan tashinta da mayar da ita kan titi

Duk wanda ya zaga unguwannin Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos har Bukuru, zai ga motoci a ƙofar gidaje an lulluɓe su da tamfol, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Da yawansu tun bayan 29 ga Mayu, 2023 aka jingine su, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Wasu masu su ne suka rasu ana jiran rabon gado. Wasu kuma ƙarfe ɗaya ne ya lalace aka ce sai an samu kuɗi, har shekara ta zagayo. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi. Kusan kowa hankalinsa na kan inji ya tashi, alhali birki da taya ne ke kashe mutane, don haka za a ga na fi daɗewa a kansu.

Motata ta fi shekara a ajiye. In sa mata batir in murɗa makulli in ga ko za ta tashi?

Don Allah kada ka fara da makulli. Ƙarafan cikin inji ba sa taɓa juna, akwai siririn baƙin mai a tsakaninsu. In mota ta yi watanni ba a tashe ta ba, man nan yakan tsiyaye ya koma ƙasan inji, bangon silinda ya bushe, danshi ya shiga ta bawul ɗin da ya kwana a buɗe, tsatsa ta kama. In ka yi kik a haka, fistin zai goga ringi a kan busasshen ƙarfe mai tsatsa. Wani sa'in ringi ya karye, wani sa'in ya kankare bangon silinda. Motar kuwa ta tashi, kowa ya yi murna, bayan wata biyu ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi.

Makanike mai hankali kwance fulogi yake yi duka, ya zuba baƙin mai cikin ƙaramin cokali a kowane rami, ya bar shi ya kwana. Washegari ya sa giya a firi, ya ɗora soket a kan babban notin fulin ƙasan inji, ya juya da hannu a hankali har zagaye biyu. In ya juya sumul, madalla. In ya cije, ba a yi masa dole, a ƙara mai a ba shi kwana biyu ko uku. Bayan ya juya, a cire fiyus ɗin famfon fetur, a yi kik na daƙiƙa 10, a huta, a sake, har fitilar baƙin mai ta mutu a dashbod. Wannan ne shaidar mai ya zagaya ko'ina. Sai a mayar da fulogi da fiyus.

Wata nawa ne ake ce wa daɗewa?

Wata ɗaya zuwa biyu, yawanci batir ne kawai da iskar taya. Daga wata shida, fetur da birki sun shiga lissafi. In ta haura shekara, duk abin da ke cikin wannan rubutu ya shafe ta. Inda aka ajiye ta ma abin dubawa ne: wadda ta kwana a kan siminti a ƙarƙashin rumfa ta fi wadda ta yi damina biyu a kan ciyawa lafiya nesa ba kusa ba, domin a Jos ana ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, danshin ƙasa kuma ta ciki yake cin mota.

Batir ɗina sabo ne lokacin da na ajiye motar. Zai karɓi caji?

Da wuya, in ya yi watanni a mace. Ko mota a kashe take, agogo da rediyo da kwamfutar mota da na'urar tsaro suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan har su ƙarar da shi. Batir kuma in ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan cikinsa, ba ya narkewa. Kai shi wajen mai cajin batir ya auna. Lafiyayye, cikakke, yana nuna volt 12.6. In ya yi ƙasa da 12 cajinsa ya ƙare. A sa shi a caji mai sanyi ya kwana, a bar shi ya huta, a sake aunawa, sannan a gwada shi da lodi, domin wani batir ɗin zai nuna 12.6 amma da an yi kik ya faɗi. In jikinsa ya kumbura ko ya tsage, kada ma a sa masa wuta. Safiyar hunturu a Jos ba ta rufa wa raunannen batir asiri, saboda sanyi na rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri.

A wanke kan batir da tamina a kankare farin garin da ya taru, a duba wayar da ke zuwa jikin mota ko ta yi tsatsa.

Maƙwabcina ya ce a tashe ta da batir ɗinsa, tana aiki a zare a mayar da nawa. Akwai matsala?

Akwai. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 sun jure wannan, shi ya sa aka saba. Motar da ke da kwamfuta kuwa, zare batir inji na aiki kan sa wuta ta yi tsalle, ta ƙone altaneta ko kwamfutar. A yi amfani da wayar haɗi: ja zuwa ja, baƙar kuma daga batir mai rai zuwa wani tsirarren ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu. A duba sau biyu kada a juya su. Altaneta kuma ba a yi ta don cika mataccen batir ba. In inji ya tashi a auna, ya kamata a ga wajen 14.

Turi kuwa, mai otomatik ba ta tashi da turi. Mai giyar hannu ma ban ba da shawara ba, tunda ba ka riga ka san halin da birkinta yake ciki ba, ga titunan garin nan da gangara.

Na bar rabin tanki na fetur. Da tsadar mai, dole ne in zubar?

Na san da ciwo, amma in ya haura wata shida zuwa shekara, a fitar da shi. Fetur ba ya zama yadda aka zuba shi. Ɓangarensa mai saurin kama wuta shi ke fara tsiyayewa cikin iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi danƙo. Buɗe murfin tanki ka sunsuna daga nesa: tsohon mai warinsa irin na fenti ne, da tsami-tsami. Ɗebo kaɗan a farar kwalba ka ajiye kusa da sabo. In ya koma launin shayi, ko ka ga ruwa ya kwanta a ƙasan kwalbar, magana ta ƙare.

Ruwan nan ba wani ne ya zuba ba. Tankin da ba a cike yake ba akwai iska a cikinsa, rana ta yi zafi dare ya yi sanyi, raɓa ta tsatsafo a bangon tanki ta gangara ƙasa. In tankin ƙarfe ne ya yi tsatsa, famfon da ke cikinsa ya cije. Danƙon kuma shi ke toshe nozul a motar injekta, ya toshe ƙananan ramukan kafireta a tsohuwar mota. Kuɗin famfo da wankin nozul sun ninka kuɗin man da ake ƙyashin zubarwa.

Bayan an wanke tanki an sa sabuwar filtar mai, a zuba sabon fetur, a murɗa makulli mataki ɗaya ba tare da kik ba, a kasa kunne ta wajen kujerar baya. Lafiyayyen famfo zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku ya tsaya. In shiru, a duba fiyus da rile kafin a ce famfo ne.

Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo, kada a yi aikin kusa da murhu ko janareta mai aiki, kada kuma a zuba tsohon man a kwata. Motar gas, wato dizal, manta ya fi jure ajiya, amma shi kuma wata baƙar dauɗa mai yauƙi yake yi a tanki in ruwa ya shiga.

Na zaro geji, baƙin man fes yake. In bar shi?

A yi juye, da sabuwar filta, kafin a tashe ta. Mai yana tsufa ko ba a hau mota ba. A sayi lambar da kamfanin motar ya rubuta, ba wadda mai shago ya ce kowa na saye ba. Injinan zamani da yawa mai mara kauri suke so, irin su 5W-30, a dena ɗura musu 20W-50 don kawai an saba. In man ya koma fari-fari da kumfa, ruwa ya shige shi, sai an gano ta ina kafin a tashi inji. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a sake juye, saboda man farko shi zai kwaso dauɗar da ta kwanta.

Man giya ma a duba. Na otomatik ja ne a yawancin motoci. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, a kira wanda ya san giya.

Na buɗe bonet na tarar da sheƙar ɓera. Me zan duba?

Kafin ka duba komai, kare kanka. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, Filato na cikin jihohin da ake samunsa, kuma tun 1969 asibitin mishan na Jos ya ga masu cutar na farko da aka sani. Sa safar hannu da takunkumi, jiƙa wurin da ruwan bilic, ka bar shi ya ɗan jima, sannan ka kwashe da tsumma. Kada ka share shi a bushe ƙura ta tashi. Kada kuma ka cusa hannu inda idonka bai gani ba, don maciji da kunama na son inuwar mota.

Daga nan a buɗe gidan filtar iska, nan ɓera ya fi son tara tsumma da ɓawon gyaɗa. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, musamman na fulogi da nozul da waɗanda suka ratsa zuwa cikin mota. Wayar da aka ɓare tana iya haɗuwa da ƙarfe ta tashi gobara da zarar an sa batir, don haka mai wayarin ya riga batir zuwa. A leƙa bakin salansa, zanzaro kan yi gini a ciki. In motar a waje ta kwana, a leƙa ƙarƙashinta a ga ko abin tace hayaƙin nan na jikin salansa, da kanikawa ke kira indomi, yana nan, ɓarayi na yanke shi saboda tsadarsa.

Makanike ya ce in canza taimin bel alhali ban yi tafiya da shi ba. Neman kuɗi ne?

Wannan kam gaskiya ya faɗa maka. Bel roba ce, shekaru na cinta kamar yadda tafiya ke cinta, ga shi ta daɗe a lanƙwashe wuri ɗaya. A injina da yawa, in ta tsinke fistin zai daki bawul, aikin ya koma na sauke tof silinda. Peugeot 406 da Golf 3 da Honda Accord mai silinda shida duk bel ke gare su. Corolla ta 2003 zuwa sama sarƙa ce, ba ta da wannan damuwar. In ba ka san shekarar da aka sa bel ɗin ba, a canza, a haɗa da tenshona da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, tunda aikin kwancewar ɗaya ne. Fambel da tiyon lagireto ma a matsa su da hannu, wanda ya yi tauri ko ya tsattsage a cire.

Ranar da za a tashe ta, me zan sa wa ido?

A fito da ita fili. Kada a tashi inji a rufaffen gareji don gudun sanyi, hayaƙin salansa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kisa. A ajiye abin kashe gobara kusa. Da ta tashi, fitilar baƙin mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ba ta mutu ba a kashe nan take. Kada a taka totur, a bar ta a silo. Wani ya tsaya a gaba yana duba yoyon fetur, wani a ciki yana kallon allurar zafi har fanka ta kama ta saki.

Ƙarar kas-kas daga saman inji takan lafa in mai ya hau. Bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa a kashe. Shuɗin hayaƙi na mintocin farko man da aka zuba a ramin fulogi ne ke ƙonewa, zai wuce. Farin tururi da safe a Jos ba komai ba ne. Amma farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto na raguwa, wannan gaskit ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa.

An ce in cire tamastat don kada ta yi obahitin.

Kada ka yarda, balle a Jos. Tamastat ne ke sa inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, inji zai wuni da sanyi, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur. In ya cije saboda ajiya, sabo za a sa. A wanke lagireto, a zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya mai kawo tsatsa. A kula da murfinsa: Jos tana da tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ruwa a nan yakan tafasa a wajen digiri 96, murfin ne ke riƙe matsi ya hana shi tafasa da wuri. Ba a buɗe shi inji da zafi.

Ta tashi, amma ta ƙi motsi.

Galibi birkin hannu ne da aka bari a ja, lainin ya manne da duram. A sa waigi, a ɗaga ta a jak, a kwance taya, a ɗan bubbuga duram da guduma ta kan katako har ya saki. Kada a fizge ta da ƙarfin inji, lainin na iya ɓallewa. In mai giyar hannu ce, ka taka kuloci amma giya ta ƙi shiga inji na aiki, farantin kuloci ne ya manne, ko kuma man kuloci ya tsiyaye. Wannan a bar wa makanike.

Birki yana kamawa da na gwada a layinmu. Ai shi ke nan ko?

Ba shi ke nan ba. In da amsa ɗaya da nake roƙon a karanta har ƙarshe, wannan ce.

Man birki yana shan danshi daga iska, ko mota na tafiya ko tana tsaye, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. In ya sha ruwa, ma'aunin ya sauko zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. A cikin unguwa, kana tafiya a hankali, birki ba ya yin zafin da za ka gane bambancin. Amma ka ɗauko iyali za ka Abuja, ka wuce Riyom ka fara gangara Hawan Kibo, ƙafarka a kan birki, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ga tirela a gabanka. Zafi ya taru a kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a cikin wili, ruwan da ke cikin man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi. Ka taka, feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Motar da ta tsaya cak a ƙofar gida da safe ita ce wannan.

Don haka a zuƙe tsohon man gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a yi bilidin a tayoyi huɗu har iska ta ƙare. Lambar man da ya dace tana rubuce a kan murfin kofinsa. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya ƙare ganganci ne da rayukan mutane, kuma yana cinye robobin masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki.

A kwance kowace taya a duba da ido. Fistin kalifa kan cije saboda tsatsa, wata taya ta riƙe wata ta ƙi kamawa, mota ta fizga gefe in an taka. Tsatsar saman dis mai laushi takan goge da 'yan takawa, amma wadda ta ci rami sai an canza. A lanƙwasa tiyon birki na roba a ga ko ya tsage, a bi bututun ƙarfe na ƙarƙashin mota da tocila. In ka ga jiƙa a bayan taya ta ciki, yoyo ne. Sannan ka zauna ka danne feda na rabin minti: in tana nutsewa a hankali, masta ta gaji.

Ko bayan an gyara, a gangara mai tsawo a sa ƙaramar giya inji ya riƙe mota. Mai otomatik ma tana da 2 ko L don wannan. Saka firi a gangara don tattalin mai shi ne ke ɗora wa birki duk nauyin.

Tayoyina zanensu bai goge ba. Iska kawai zan sa?

Zane ba shi kaɗai ake dubawa ba. A gefen taya akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, shekara huɗu take gaya wa direbobi. Kamfanonin taya irin su Michelin na cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta yi biyar, a cire ta in ta kai goma ko da ba a taɓa hawanta ba. Tayar da ta yi watanni a sace da nauyin mota a kanta kuwa, mai yiwuwa wayoyin gefenta sun riga sun lalace ta ciki. Za ta karɓi iska, ta yi kyau a ido, ta fashe a kan gudu. Duba ƙananan tsage-tsage a gefe da cikin zane, da kumburi. Waɗanda ba su sace ba suna iya yin ɗan tsalle a farkon tafiya saboda gefen da ya kwanta. In bai daina ba bayan sun yi zafi, a canza.

Yawan iskar da ya dace yana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Gaya wa mai faci lambar da kanka, don da yawansu sun saba ɗurawa fiye da haka. Kada a manta da safaya, ita ce ta fi kowace tsufa. Tayar Beljiyam ma a karanta shekararta kafin a biya.

Ruwa ya taɓa shiga inda motar take.

Mutanen Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar Yulin 2012 sun san yadda ruwa ke hawa cikin dare. In ya kai filtar iska, kada a yi kik ko sau ɗaya, domin ruwa a silinda na lanƙwasa sandar fistin. A kwance fulogi a fitar da shi, a canza baƙin mai da na giya, a ɗaga kafet a shanya, mai wayarin ya bi soket-soket.

In kai ta gareji ko in kira makanike gida?

Kira shi gida don aikin farko. In dole a kai ta, a kira janwe. Jan mota da igiya alhali ba a san birkinta ba haɗari ne, ga shi in inji a kashe yake birki da sitiyari tauri suke yi. Mai otomatik kuma jan ta mai nisa tayoyinta na ƙasa yana lalata giya, a ɗora ta a kan motar ɗauka.

Wajen sayen kaya, ko Dilimi ko Farin Gada, ka tafi da tsohon a hannu da lambar shasi. Abin da ya danganci roba, da filta, da kayan birki, sabo za a saya. Beljiyam ta yi a kan ƙofa, fitila, altaneta ko kik. Ka ce a dawo maka da duk abin da aka cire. Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

Takarduna duk sun mutu. Waɗanne zan sabunta?

Lasisin mota da takardar shaidar lafiyar mota, wadda jami'an VIO ke bayarwa, duk shekara ake sabunta su. Sai inshora: mafi ƙanƙanta, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun fara tsananta bincikenta a Fabrairun 2025. Inshorar bogi ta yi yawa, don haka ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID, ka ga ta fito. Ka riƙe takardar mallaka da ta kwastan, ka duba lasisin tuƙinka. A but a samu abin kashe gobara mai rai, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, jak da wilsifana. Fitilu da sigina da hon da waifa duk a gwada. Robar waifar da ta sha rana ba ta share ruwan Agusta.

Maigidana ya rasu, motarsa na nan shekara biyu. Ina so a gyara ta don kai yara makaranta.

Allah Ya jiƙansa Ya raya abin da ya bari, Hajiya. Kafin ki kashe ko kwabo, ki tabbatar an raba gado, ko kuma magada sun amince a rubuce a gaban shaidu cewa ke za ki riƙe ta, da yadda za a lissafa kuɗin gyaran. Mota dukiyar magada ce duka, kuma irin wannan gyara na gaba da rabo yakan haɗa 'yan uwa faɗa. In ta faɗo a rabonki, ki je ofishin lasisi da takardar kotu da takardun motar na asali a mayar da ita sunanki, inshora ma haka. Ki samu wani na gida ya tsaya tare da makaniken, a rubuta miki abin da za a saya kafin ki ba da kuɗi. Tunda yara za ta ɗauka, a duba bel ɗin kujerun baya da makullin ƙofofi.

Ta yaya zan san gyaran ya fi sayarwa?

Kada ka fara da fenti da kushin. A juya inji da hannu, a auna matsin silinda, a ɗaga ta a duba tsatsar shasi. Waɗannan ukun ba su da tsada, su ne kuma ke yanke hukunci. In inji ya juya, matsi ya yi kusan daidai a dukkan silinda, ƙarƙashinta da ƙwari, sauran duk abin saye ne. In tsatsa ta huda inda shokzoba da ƙafafu ke ɗaure, ka sayar wa masu yanka su cire kaya, ka huta. Ka haɗa lissafin batir, taya huɗu, birki, bel da takardu tun farko, ka kwatanta da abin da irinta ke yi a kasuwa, kada ka shiga ka tsaya a rabi ta sake komawa ƙarƙashin tamfol.

An gama gyara. Zan iya kama hanyar Abuja gobe?

Ba ta mako guda a cikin gari tukuna. Zaga unguwa, sannan Zariya Road, sannan ka miƙa Bukuru ko Mararrabar Jama'a ka dawo. Duk inda ka tsaya ka kai hannu kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na riƙewa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare ka ga abin da ya ɗiga da safe, domin robobin da suka bushe sai sun yi zafi sun huce sau da yawa kafin su nuna yoyo. A yi alaimen da balansin, a sake ɗaure notin taya bayan tafiyar farko.

In zan sake ajiye ta fa? Ɗumama ta minti biyar duk safiya ya isa?

Bai isa ba. Minti biyar ba ya mayar wa batir abin da kik ya ci, ba ya ƙone danshin cikin inji da salansa. Gara a hau ta minti 20 zuwa 30 duk mako ɗaya ko biyu, a kunna esi a taka birki. In babu mai hawanta, a yi juye, a wanke ta, a kwashe duk wani abinci daga ciki, a cire wayar batir ta baƙi, a ƙara wa taya iska kaɗan ko a ɗora motar a kan katako. A ajiye ta a kan siminti, a sa waigi, a saki birkin hannu.